Yadda Ake Jinkirta Filtocin Allon Rahoto Har Sai An Danna Maɓallin Aiwatarwa

Duk wanda yake haɗa allon rahoto, wato dashbod, domin ofis ko ƙungiyar manoma a Maradi ya san ƙorafin da ya fi yawa daga masu amfani da shi: allon yana da nauyi, kuma da zarar an taɓa abu ɗaya sai a zauna ana kallon da'irar jira tana juyawa. Sau da yawa laifin yana cikin tsarin filtocin, wato wuraren da ake zaɓen irin bayanan da allon zai nuna, domin yawancin manhajoji suna aika tambaya zuwa rumbun bayanai a kan kowane dannawa ɗaya, ko mai dubawa ya gama zaɓe ko bai gama ba.

Mu ɗauka allon yana nuna farashin gero, wake da gujiya a kasuwannin jahar, yana da zane guda 8, kuma kowane zane yana aika aƙalla tambaya ɗaya. Ma'aikaci ya zaɓi shekara, ya zaɓi wata, ya zaɓi nau'in hatsi, sannan ya danna gundumomin Tasawa, Dakoro da Madarunfa ɗaya bayan ɗaya. Dannawa 6 ke nan, wato tambayoyi 48, alhali 8 na ƙarshe kaɗai yake buƙata. Wannan daidai yake da aiken yaro kasuwa sau shida maimakon a rubuta masa cefanen duka a takarda ɗaya. A inda intanet ke da rauni, kuma kuɗin data ke fitowa daga aljihun ma'aikaci, wannan asara ce ta gaske.

Kafin ka canza komai, ka auna. A Power BI Desktop, ɗaya daga cikin manhajojin haɗa allon rahoto, akwai Performance analyzer, wanda yake rubuta tsawon lokacin da kowane zane ya ɗauka. Ka kunna shi, ka yi zaɓen da ma'aikatanka suka saba yi, ka ajiye sakamakon domin kwatantawa daga baya.

Daga nan ka buɗe File, ka shiga Options and settings, sannan Options, ka nemi Query reduction a ƙarƙashin saitunan fayil ɗin da kake aiki a kai. A nan za ka iya zaɓar a sa maɓallin Apply guda ɗaya ga dukkan ɓangaren filtoci, kuma shi nake ganin ya fi, domin maɓalli a jikin kowace filta yana rage aikin ne kaɗan kawai. Ga filtocin da ke zaune a kan shafin kansa, waɗanda ake kira slicer, ka shiga Insert, ka buɗe Buttons, ka ɗauko Apply all slicers, tare da Clear all slicers domin share zaɓe. Amfanin ya fi bayyana idan rahoton yana aiki da DirectQuery, inda kowace tambaya take tafiya har rumbun asali ta dawo.

Sauran manhajojin ba su da wahala. A Tableau, ka buɗe jerin zaɓin filtar, ka shiga Customize, ka kunna Show Apply Button. A Metabase, ka kashe Auto-apply filters a saitunan allon. Apache Superset kuwa yana zuwa da maɓallin Apply filters tun asali.

Inda ya kamata ka fi sa hankali shi ne bayan an kunna maɓallin, domin jinkirin yana zuwa da haɗarinsa. Mutum zai iya canza gunduma daga Mayahi zuwa Gidan Rumji, ya manta bai danna ba, ya kwafe alƙaluman Mayahi ya kai wa shugabansa da sunan na Gidan Rumji. Rahoto mai sauri da ya jawo irin wannan kuskure ya fi mai nauyi illa. Saboda haka ka ajiye maɓallin dab da filtocin, ka ba shi launi mai fitowa fili, ka rubuta masa kalmar da mutanenka suka gane, ko «Aiwatar» ko «Appliquer» ga waɗanda suka saba da Faransanci, sannan ka sa taken allon ya riƙa nuna gunduma da watan da alƙaluman suke wakilta a halin yanzu. Idan kuma wata filta ta dogara da wata, kamar gunduma da garuruwan kasuwannin da ke cikinta, ka haɗa su a filta ɗaya mai matakai, don kada mai dubawa ya zaɓi haɗin da ba shi da bayanai.

Ka sake aunawa da irin zaɓen farko. Idan allon yana nan da nauyinsa ko bayan dannawa ɗaya, to matsalar tana cikin zanukan ne, kuma sai ka rage yawansu a shafi, ka cire ginshiƙan da ba a amfani da su, ka kuma sa allon ya buɗe da wata ɗaya maimakon duk shekarun da ke rumbun.