Kurakuran da aka fi yi wajen horar da ƙarfin manyan 'yan wasan ƙwallon tebur

Ƙwallon da ake bugawa a wannan wasa nauyinsa giram 2.7 ne kacal, shi ya sa wasu ke mamaki idan suka ga ɗan wasan ƙwallon tebur yana ɗaga ƙarfe. Sai dai wasan ya sauya tun shekarar 2000, lokacin da hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, ta ƙara faɗin ƙwallon daga milimita 38 zuwa 40, sannan ta haramta gam mai ƙara wa robar raket sauri a 2008, kana aka koma ƙwallon filastik a 2014. Waɗannan sauye-sauye sun rage gudun bugu da juyin ƙwallo, kuma abin da kayan wasa suka daina bayarwa, jikin ɗan wasa ne ya zama dole ya cike shi. Yau kowa ya yarda ana bukatar ƙarfi, amma wajen nemansa ake yawan tafka kuskure.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne koci ya rubuta jadawali guda, ya manna a bango, ya ce kowa ya bi. A dubi Joo Se-hyuk na Koriya ta Kudu, wanda ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a birnin Faris na Faransa a 2003 da salon tsaro: yana ja da baya nesa da tebur, yana duƙawa ƙasa sosai ya sassaro ƙwallo, sannan ya rugo gaba idan an ajiye masa gajere. Irin wannan ɗan wasa cinyoyinsa da gwiwoyinsa ne ke shan wahala, yana kuma bukatar ƙarfin da zai jure doguwar musayar bugu. Mima Ito ta Japan kuwa a bakin tebur take tsayawa, tana tare ƙwallo da zarar ya taso, don haka abin da ya fi mata amfani shi ne ɗan gajeren taku mai zafin nama da wuyan hannu mai ƙwari. Xu Xin na Sin, mai riƙon raket irin na alƙalami, yakan zagaye kusan tebur duka domin ya yi bugun gaban hannu, ƙafafunsa ba sa hutawa. Duk wanda ya ba wa waɗannan ukun atisaye iri ɗaya, aƙalla biyu daga cikinsu ya zalunta. Gyaran shi ne a fara da awo kafin a rubuta komai: a gwada tsallen kowace ƙafa ita kaɗai, a auna saurin tafiya gefe da gefe, a duba iyakar juyawar kafaɗa da ƙugu, a tambayi raunukan da ya taɓa samu, a kuma zauna a kalli bidiyon wasanninsa domin a ga inda jikinsa ke gazawa idan wasa ya yi nisa.

Na biyu shi ne ɗaukar cewa ƙarfin bugu a damtse yake. Wanda ya tsaya kusa da ƙwararre yana buga ƙwallo mai juyi zai ga cewa, idan da hannun dama yake bugu, nauyinsa yana sauka a kan ƙafar dama, gwiwa ta lanƙwashe, kafaɗa ta yi ƙasa, sannan ƙafar ta tura ƙasa, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo baya, hannu kuwa shi ne na ƙarshen zuwa. Mai ƙarfafa damtse kaɗai yakan ƙare da matse raket, hannunsa ya sandare, juyin ƙwallon ma ya ragu. Abin da ya kamata a ba fifiko shi ne tsuguno da nauyi, da tsugunon ƙafa ɗaya, da jifan bango da ƙwallo mai nauyin kilo 2 zuwa 4 ta hanyar juya ƙugu.

Akwai kuma ɓata ta fuska biyu game da nauyin da ake ɗagawa. Wasu na kwaikwayon masu gina ƙirar jiki, suna maimaita ɗagawa har tsoka ta gaji liƙis, su tara naman da ƙafa za ta riƙa ja a kowane taku. Wasu kuma, saboda tsoron kada jiki ya yi musu nauyi, ba sa wuce ɗan ƙaramin ƙarfe da za su ɗaga sau 30, wanda ba ya ƙara ƙarfin kirki. Musayar bugu a babban mataki daƙiƙoƙi kaɗan ce, saboda haka abin nema shi ne ƙarfin da ke fitowa nan take. Hanyarsa ita ce nauyi mai ɗan yawa da ake ɗagawa sau 3 zuwa 6, da hutun minti 2 ko 3 a tsakani, a haɗa da tsalle da jifa, a kuma dakata da zarar saurin ɗagawar ya fara raguwa. Ni dai ban ga hikimar kwaikwayon bugu da ƙarfe mai nauyi a hannu ba, domin yana ɓata lokacin bugun da aka shafe shekaru ana gyarawa.

Ana mantawa da birki. Ɗan wasa ba ya buga ƙwallo da kyau sai ya tsaya daram, kuma a wajen tsayawa da sauya alkibla ne gwiwa da idon sawu suka fi jin jiki. A koya masa dira a kan ƙafa ɗaya bayan tsallen gefe, ya daskare na daƙiƙa biyu ba tare da gwiwa ta karkata ciki ba, kafin a ƙara masa nisa ko sauri.

Wasan na hannu ɗaya ne, don haka bambanci tsakanin ɓangarorin jiki ba abin tayar da hankali ba ne, kuma ba a neman a mayar da su daidai wa daida. Matsalar ita ce a bar tsokokin gaban kafaɗa su rinjayi na baya, waɗanda su ne ke tsayar da hannu bayan kowane bugu. Jan nauyi zuwa ƙirji da juya hannu waje da roba mai talewa suna rage wannan giɓi, atisayen tsokokin ciki da na ɗuwawu kuma yana sauƙaƙa wa gadon bayan da ke yini a sunkuye.

Saura batun lokaci. Tsamin jiki yakan kai ƙololuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan aiki mai nauyi ko sabon atisaye, saboda haka kuskure ne a gwada sabon abu a makon gasa, ko a gajiyar da ƙafafu da safe sannan a sa ran taku mai kyau a bakin tebur da yamma. Kuskure ne kuma a ajiye ƙarfe gaba ɗaya da zarar kakar wasa ta kankama, domin ƙarfin da aka tara zai zube a hankali. Zama ɗaya ko biyu a mako ya isa ya riƙe shi, muddin an rage yawan maimaitawa amma an bar nauyin yadda yake. Matashin da ke tasowa zai iya ɗaukar fiye da haka, wanda ya haura shekara 30 kuma yana fama da gwiwa sai a tsawaita masa hutu tsakanin zama da zama, a kuma sake yin awon farko bayan kowane mako 6 zuwa 8 domin a gyara jadawalin.