Ɗankwali, Layya da Ɗaurin Aure: Abin da Sabon Zuwa Faransa Zai Tarar

Wanda ya taso a Zindar, Maraɗi ko Kano, inda ladan ke tashin gari, ranar Juma'a kuma sahu ya kai har bakin titi, zai sha mamaki a makonsa na farko a Faransa. Masallatai suna nan, babban na Paris ma tun 1926 yake tsaye, naman halal kuma ba ya wuyar samu. Amma da wuya ka ji kiran salla daga waje, kuma tun 2011 hukuma ta hana shimfiɗa darduma a titunan Paris.

Kalmar da za ku yi ta ji ita ce layisite. Tushenta dokar 1905 da ta raba gwamnati da coci: hukuma ba ta da addini, ba ta kuma biyan malamin kowane addini albashi, sai a wasu wurare kamar yankin Alzas da Mozel na gabashin ƙasar, inda tsohon tsari bai tashi ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, dokar nan tana duba inda mutum yake da matsayin da ya shiga wurin da shi. Mace ɗaya da ɗankwali ɗaya, a nan tana da cikakken 'yanci, a can an hana ta.

A makarantun gwamnati na firamare da sakandare, dokar 2004 ta hana ɗalibai sa duk alamar addini da ke bayyane: hijabi, 'yar hular Yahudawa, rawanin mabiya addinin Sik, babban gicciye. A 2023 aka ƙara da abaya da jallabiya. A takarda kowa ta shafa, amma a ganina 'yan matan Musulmi ne suka fi ɗaukar nauyinta, don ɗan ƙaramin gicciye yana shigewa cikin riga, ɗankwali kuwa ba shi da maɓoya. Za ku ga yara mata suna cirewa a ƙofar makaranta, su mayar in an tashi. Iyaye, ku zauna da 'yarku ku yi mata bayani tun kafin ranar farko, kada ta fara jin maganar daga bakin mai gadi.

Jami'a ba ta cikin wannan doka. Haka ma uwar da ta zo ɗaukar ɗanta, da mara lafiya a asibiti, da mai neman takardar zama a ofishin hukuma, duk ba wanda ya isa ya ce su cire hijabi, sai fa hoton takardun shaida, wanda dole a ɗauka kai a buɗe. Ma'aikaciyar gwamnati ce ba ta da damar sawa a bakin aiki. Kamfani mai zaman kansa yana iya hanawa idan ya rubuta hakan cikin ƙa'idojinsa, don haka Hajiya ki karanta kafin ki sa hannu.

Niƙabi dai babu shi ko'ina a bainar jama'a tun Afrilun 2011. Tararsa tana kaiwa Yuro 150, wanda ya tilasta wa mace rufe fuska kuwa yana iya shan ɗaurin shekara guda da tarar Yuro 30,000.

Sai babbar salla. Alhaji, kada ka sayo rago ka kai shi bayan gida ko makewayi ka yanka. Yanka a wajen mayankar da hukuma ta amince da ita laifi ne mai ɗaurin wata shida da tarar Yuro 15,000. Mutane kan ba da oda wajen mahauci tun da sauran makonni, wasu kuma su aika kuɗi gida a yi musu layyar, dangi su ci nama. Ranar salla ba hutu ba ce, amma ana iya nema wa yara izinin fashin makaranta.

Aure kuwa, wanda aka ɗaura a ofishin magajin gari shi kaɗai hukuma ta sani, kuma shi ake fara yi kafin a je wurin liman. Matar da aka yi wa fatiha kawai, ranar rabon gado ba ta da abin nunawa. Mai zaune da mata biyu a ƙasar ba a ba shi takardar zama, in yana da ita ma ana iya ƙwacewa.

Wani lokaci za ku gamu da ma'aikacin da zai ƙara wa dokar gishiri, ya ce an hana abin da ba a hana ba. Kada a yi cacar baki. A nemi ya nuna dokar a rubuce, a riƙe rana da wurin da abin ya faru, a kai ƙorafi ga Défenseur des droits, hukumar kare haƙƙin jama'a. Tana da wakilai a kowace jiha, kuma ba a biyan ko sisi.