Yadda na gyara wutsiyar tsuntsun tangaran da aka liƙa a karkace

Wurin 'yan gwanjo na tsinci ɗan tsuntsun nan, wutsiyarsa a karkace. Wani ya taɓa liƙa ta da supa gulu, gam ɗin har ya yi rawaya. Na jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu kwana guda, ko gezau. Na sa reza zan kankare, saura ƙiris in ɓantare bakin karayar, na haƙura.

Ƙasansa ya kamata in fara dubawa tun farko. Akwai kambin sarauta da layuka uku shuɗi masu kama da igiyar ruwa, tambarin Royal Copenhagen na Denmak, wanda aka kafa a 1775. Kalar irin wannan tsuntsu tana ƙarƙashin ƙyallin tangaran ɗin, don haka asiton, sinadarin da ke narkar da supa gulu, ba zai ci ta ba. Da mai ruwan zinari ne ko fentin sama, da ban yi gangancin ba.

Na jiƙa auduga da asiton, na naɗe karayar, na rufe da takardar alminiyam don kada ya bushe. Bayan kamar awa ɗaya wutsiyar ta saki da kanta. Na goge ɓangarorin biyu tas, na gwada su a bushe, suka zauna daram. Sai na kwaɓa Araldite mai jinkirin kamawa, wato gam mai haɗi biyu, rabi da rabi, na shafa ɗan kaɗan da tsinken sakace a gefe ɗaya kawai. Na matse, na ɗaure da salatif, na kafa tsuntsun cikin kwanon ɗanyar shinkafa, wutsiya sama, awa 24.

Alhamdulillahi, sai ka ƙura ido za ka ga layin. Gyara yana rage kuɗinsa, in zan sayar zan faɗa wa mai saye.