Yadda na kawar da Aiptasia daga tankin murjanina

Matsalar ta fara ne bayan na sayo wani dutse mai murjani na sa a tankina na ruwan gishiri, mai cin lita 200, a gidana da ke Agege. Bayan mako 3 na ga wasu ƙananan halittu masu ruwan ƙasa, da zare-zare kamar gashi, suna leƙowa daga ramukan dutsen, murjanin da ke kusa da su kuma ya daina buɗewa saboda harbinsu. Aiptasia ce.

Kuskurena na farko shi ne kankare su da wuƙa, domin kowane ɗan guntu da ya saura yakan tsiro ya zama sabuwa. Ruwan lemun tsami kuwa bai hana su dawowa ba.

Abin da ya yi aiki shi ne garin kalkwasser, wato farin garin sinadarin calcium hydroxide da masu tankin murjani ke amfani da shi. Na dama cokalin shayi ɗaya da ruwa kaɗan har ya yi kauri kamar kunu, na zuƙa a sirinji marar allura. Na kashe duk famfunan da ke juya ruwan tankin, na jira ruwan ya kwanta, sannan na matsa kwaɓin kaɗan a hankali a bakin kowace ɗaya, ba tare da na taɓa ta ba, don da zarar ta ji taɓi sai ta shige rami. Nan take ta naɗe a kan farin kwaɓin. Na bar famfunan a kashe minti 30, na tsotse ragowar, sannan na kunna. Ban wuce guda 5 a rana ba, saboda garin yana ɗaga pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, kuma na riƙa aunawa kowane dare.

Alhamdu lillahi, yau wata 2 ke nan ban sake ganin ko ɗaya ba.