Ɗaukar keken hawan dutse a bayan a-kori-kura mai rufi

Jama'a, keke mai taya inci 29 da wuya ya shiga ƙarƙashin rufi a tsaye. Ku cire tayar gaba, ku sauke sirdi ƙasa, sannan ku ɗaure ƙafafun gaban, wato ƙarafa biyun da ke riƙe tayar, a kan katako mai kauri da aka shimfiɗa a gicciye.

Amma ga inda ake yin kuskure: idan birkinku na mai ne, kuna cire taya ku cusa ɗan roba ko kwali tsakanin takalman birkin. Ni na taɓa mantawa, jaka ta danne hannun birki a hanya, takalman suka manne, sai da na sha wuya kafin na raba su.

In kekuna biyu ne, ɗaya ya fuskanci gaba, ɗaya baya, tsohon bargo a tsakani. Wanda zai kwantar da nasa kuma, ɓangaren sarƙa ya kalli sama.