Darasi na Bakwai: Man Goge Baki da Ɓawon Haƙori

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, ya fi kowane ƙashi na jikin ɗan Adam tauri, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adinai ne, galibi kalsiyam da fosfet. Sai dai idan ya ɓantare ba ya sake tofowa kamar yadda farce ke yi.

Duk lokacin da mutum ya sha shayi mai sukari ko ya tsotsi alawa, ƙwayoyin cutar da ke maƙale a haƙora sukan ci sukarin, su fitar da tsami mai narkar da ɓawon kaɗan-kaɗan. Lemon kwalba da tsamiya kuwa da tsaminsu suke zuwa. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya yawu yakan kashe kaifin tsamin, ya mayar wa haƙori ma'adinan da ya rasa, amma wanda ya yini yana kurɓar zaƙi bai ba yawun wannan dama ba. Alamar farko ita ce farin tabo mai kama da alli kusa da dasashi. A wannan mataki ɓawon yana iya warkewa, amma da zarar kogo ya buɗe, sai likita ya cike shi.

A nan ne amfanin fuloraid yake. Wannan sinadari yana shiga ɓawon tare da kalsiyam ɗin da yawu ke kawowa, ya samar da rufin da ya fi na asali jure tsami. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna. Kafin ku saya, ku duba jikin kwalin ku ga an rubuta 1,000 zuwa 1,500 ppm, wato ma'aunin yawan fuloraid ɗin da ke cikin man, domin ƙamshi da yawan kumfa ba su ne ke yin aikin ba.

Akwai kuma man shafawa na musamman, irin wanda aka ƙirƙiro daga furotin na madara a Jami'ar Melbourne ta Ostireliya, mai ƙara wa haƙori kalsiyam da fosfet. Wanda madara ke tayar wa borin jini ya guje shi. Gawayi da toka kuwa kankare ɓawon suke yi.

Ku goge baki na minti 2 da safe da kuma kafin barci, sannan ku tofar da kumfar ba tare da kurkure baki ba, don kada ruwa ya tafi da fuloraid ɗin. Yaron da bai kai shekara 3 ba, a ɗiga masa man kamar ƙwayar shinkafa, daga shekara 3 zuwa 6 kuma kamar ƙwayar wake, babba yana tsaye a kansa don kada ya haɗiye.