Shawara ga iyayen da 'ya'yansu ke sakandare a Amurka

'Yan'uwa, don Allah kada ku matsa wa yaro ya kwashi darussan AP (wato Advanced Placement, darussa masu matakin jami'a da ake yi tun a sakandare) biyar ko shida a aji 11 don ya burge jami'o'i. Gara ya ɗauki biyu ko uku a fannin da yake son karantawa, ya ci su da kyau, tunda makinsa ma ana dubawa. Jarrabawar duk a Mayu ake yinta, cikin makonni biyu, kuma nauyin ba kaɗan ba ne. In kun ga yana kan kwamfuta har ƙarfe biyun dare, da safe yana gyangyaɗi kan shayi, ku je ku ga mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu kafin a rufe canjin darussa. A shekarunsa yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.